Kwancen waya a Damargu: Araha, kayan sata da tarkon wayar bashi

A kasuwannin dabbobi na Damargu da wuya mutum ya sayi raƙumi ko sa daga hannun baƙo babu dillali a tsakani. Dillali ne ya san mai dabba da rugarsu, shi ke duba shaidar da aka yi wa dabbar a wuya ko a cinya, kuma in wata rana aka zo cigiya shi za a fara nema. Sai dai a cikin kasuwar nan ɗaya, saurayi kan zaro kuɗin da ya isa sayen tunkiya ya karɓi salula daga hannun mutumin da ko sunansa bai tambaya ba. An latsa, ta kawo haske, kyamara ta yi kyau, ciniki ya faɗa.

Yawancin irin wannan ciniki lafiya yake ƙarewa. Wanda bai ƙare lafiya ba kuwa, asarar takan wuce kuɗin wayar, domin akwai wanda ke tsintar kansa gaban jandarma yana bayanin inda ya samo kayan da bai san na sata ba ne.

Hanyoyin da waya ke shigowa

Tanut na kan babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas, kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram. Belbeji na yamma da ita, kuma sai a 2011 aka cire ta daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Tun zamanin ayari yankin mahaɗa ne tsakanin Sahara da ƙasar Hausa. Waya ma ta waɗannan fuskoki biyu take shigowa.

Daga arewa, ƴan ci-rani masu dawowa daga Libiya da Aljeriya ke kawo ta, wasu tsaraba, wasu kuma su sayar da ta hannunsu idan guzuri ya ƙare ko hidimar gida ta taso. Daga kudu kuwa ƴan kasuwa ke saro ta a Damagaram, da Maraɗi, da Kano, inda kasuwar Farm Centre da titin Beirut suka shahara da harkar waya. Faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta sa kayan Najeriya sun yi wa mai riƙe da sefa sauƙi, duk da rufe iyakar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin shekarar, wadda ba a buɗe ba sai a Maris na 2024.

Mafi yawan abin da ake gani a tebur Tecno ne da Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Sai Samsung, sai iPhone ga masu son a san da su.

Abin da ya bambanta mai saye a Damargu da takwaransa na Yamai ko Kano shi ne nisa. Kasuwa mako-mako take ci. Wanda ya sayar yau, gobe yana wata kasuwa ko ya kama hanyar Agadas. Idan matsala ta ɓulla bayan kwana uku babu shagon da za a koma, kuma gyaran da ya fi ƙarfin masu gyara na kusa sai an kai Damagaram. Saboda haka duk binciken da za a yi, a wurin cinikin za a yi shi, kafin kuɗi ya bar aljihu.

Ita ma waya tana da shaida

Kowace waya na da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI. Ana ganinta idan aka danna *#06# kamar za a yi kira, kuma waya mai cin layi biyu lambobi biyu take nunawa. Lambar ta jikin wayar ce, ba ta layi ba. Duk sanda aka saka sim, kamfanin sadarwa na ganin lambar layin tare da lambar wayar da ke ɗauke da shi.

A nan haɗarin yake. Idan mai waya ya kai ƙara jami'an tsaro suka nemi bayani daga kamfanin sadarwa, sunan da zai fito shi ne na wanda layinsa ke cikin wayar a yanzu. Ɓarawo ya daɗe da cin kuɗinsa. Wanda za a buga wa ƙofa shi ne mai sayen ƙarshe.

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar ta tanadi ɗauri ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane. Wannan "yana sane" ita ce mafakar mai gaskiya, amma sai ya iya nuna wanda ya sayar masa, da ranar, da kuɗin da ya biya. Farashin ma shaida ne. A ce wayar da kowa ya san kwancenta na kai jika 60 an miƙa wa mutum a jika 25 a bayan tasha da magariba, zai yi wuya ya gamsar da mai bincike cewa ko zargi bai ɗarsu a ransa ba.

Lamarin kan fi haka muni idan wayar ta fito daga fashi ko kisa. A Kano ƙwacen waya ya yi ƙamari har a 2023 gwamnatin jihar ta ce za a riƙa ɗaukarsa a matsayin fashi da makami. Waya mai irin wannan tarihi, tsallaka iyaka da ita hanya ce mai sauƙi ta nesanta ta da masu nemanta.

Abu na farko ke nan, a gwada lambar da *#06# ta nuna da wadda ke cikin saitin wayar, da ta jikin kwali in akwai, da wadda wasu kamfanoni ke rubutawa a bayan waya ko a ƴar tiren sim. Idan suka saɓa, a ajiye wayar. Alƙaluma takwas na farko suna nuna samfurin waya, don haka idan aka saka lambar a shafukan intanet masu duba IMEI suka ce ta ƙaramar waya mai maɓalli ce alhali Samsung ce a hannu, to ko jabu ce ko an sauya mata lamba.

Wannan gwaji na da iyaka. Akwai wayoyin da masu gyara ke iya sauya wa lamba, kuma kundin wayoyin sata na ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ba kowane kamfani ke saka bayanai a ciki ba. Lamba mai tsabta a intanet ba ta wanke waya. Abin da ke wanke mai saye shi ne sanin mai sayarwa.

Rasit ba sai da Faransanci ba. Takarda ce da ta ƙunshi sunan mai sayarwa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, lambar layinsa, IMEI, farashi, kwanan wata da sunan shaida, ko da boko aka rubuta ko da ajami. In rubutu ya gagara, a ɗauki hoton mai sayarwa riƙe da wayar tana nuna lambarta, da wayar wani ɗan'uwa, a ajiye hoton a can. Mai kayan halal ba ya gudun hoto. Wanda ya fara cewa motarsa za ta tashi da jin an ambaci katin shaida, ya riga ya ba da amsa.

Makullin da ba a gani

Tun 2013 Apple ya ɗaure kowace iPhone da asusun iCloud na mai ita, Google ma ya kawo irin wannan kariya a Android daga 2015. Ma'anarta, idan aka goge waya ta ƙarfi ba tare da mai ita ya cire asusunsa ba, za ta tsaya tana neman tsohon adireshi da kalmar sirri. An yi haka ne don a kashe wa ɓarayi kasuwa, amma sau da yawa mai saye marar laifi ne ke faɗawa.

Maganin shi ne a sa mai sayarwa ya buɗe wayar da hannunsa, ya shiga saiti, ya cire asusun Google ko iCloud, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta a gaban kowa. Bayan ta tashi, mai saye ya saka layinsa, ya kunna data, ya bi matakan har ya ga fuskar gida. Aikin na iya cin minti ashirin, kuma yana son wurin da reso ke kamawa, abin da ba kowace kasuwar ƙauye ke da shi ba. Duk da haka ya fi kowane gwaji amfani, don yana amsa tambaya biyu lokaci guda: ko wayar za ta yi aiki, da ko wanda ke riƙe da ita ya san sirrinta.

"Ta ƙanena ce, ya manta lambar" magana ce da duk mai yawon kasuwar waya ya saba ji. Wani lokaci gaskiya ce, domin da yawa masu shago ne ke buɗe musu asusu ba su taɓa riƙe kalmar sirrin ba. Amma ko gaskiya ce, matsalar mai saye za ta bi gida. Filashin da ake yi don tsallake makulli ba ya sauya asalin waya, kuma a iPhone musamman makullin kan dawo da zarar an sake goge ta, wasu ma sim ba sa kamawa bayan aikin.

Akwai sabon tarko da ya fi wannan wuyar ganewa, wato wayar bashi. A Najeriya da wasu ƙasashen Afirka kamfanoni irin su M-KOPA da EasyBuy na ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, kuma suna saka manhajar da ke kulle ta daga nesa idan aka daina biya. Tsarin halal ne tsakanin kamfani da wanda ya ci bashi. Ɓarnar na zuwa ne idan ya biya kafin alƙalami, ya sayar da wayar sabuwa fil har da kwalinta, ya ɓace. Za ta yi aiki lafiya har ranar da wa'adin biya ya cika, sai a wayi gari ta rufe tana nuna saƙon neman kuɗi da naira. Gogewa ba ta cire wannan makulli. Alamarsa ita ce manhajar kamfanin bashi da ta ƙi goguwa, ko saƙon tunatarwar biya, ko wani baƙon suna a jerin manhajojin da ke da ikon sarrafa waya a sashen tsaro na saiti. Sabuwar waya da aka karya wa farashi sosai, wannan ne zargin farko da ya kamata a yi mata.

Wayoyin da suka fito daga Amurka ko Turai kuma wasunsu a ɗaure suke da kamfanin sadarwa guda na can. Shi ya sa gwaji da Wi-Fi kawai bai wadatar ba. A saka layin da ake amfani da shi a garin mai saye, ko Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecoms, a yi kira, a buɗe intanet, a gwada ramin sim ɗin duka biyu.

Zafi, rairayi da batir

A bazara zafin Damargu na haura digiri 40, alhali Apple da kansa ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Wayar da ta yi shekara biyu tana kwana a teburin masu caji, ana jona ta da kowace irin caja, batirinta ya ga duniya. A ɗora ta a wuri mai laushin fuska a gani ko tana rawa, a duba ko murfin baya ya ɗago ko gilashi ya fara rabuwa da jiki. Batirin da ya kumbura na iya kama wuta, kuma ba abin kwana da shi a ɗakin zana ba ne.

A iPhone akwai wurin da ke nuna lafiyar batir, kuma ƙasa da kashi 80 cikin 100 na nufin lokacin sauyawa ya yi. A mafi yawan wayoyin Android masu araha babu wannan, sai a kunna bidiyo na minti goma ana kallon yadda caji ke sauka da yadda bayan wayar ke ɗumi. Ga wanda ke biyan kuɗin caji kullum a shagon mai sola, batir mai zuba haraji ne da ba ya ƙarewa.

Gilashi kuma a fito da shi rana. Wanda aka sauya da mai araha yakan yi kyau a inuwar rumfa, a fili kuwa sai a kasa karanta komai. A danne alamar wata manhaja a ja ta zuwa kowace kusurwa, inda ta kuɓuce nan ne gilashin ya mutu. A Samsung da yawa *#0*# na buɗe shafin gwaje-gwaje. A jona caja a girgiza igiyar kaɗan, don rairayi na cinye bakin caji. A ɗauki saƙon murya a saurara, tunda a yankin da karatun boko bai wadata ba saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙa, kuma wayar da makirufonta ya lalace rabin amfaninta ya tafi. A cikin ramin sim na wayoyi da yawa akwai ƴar alama fara da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shiga.

Sai a yi hattara da alƙaluman da ke jikin kwali. Idan aka rubuta 8+8 a wajen RAM, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar kuma bai kai shi sauri ba. Jabun Samsung da iPhone kuwa sukan nuna ma'ajiya mai girma a saiti alhali ta cika da ƴan bidiyo kaɗan.

Tsufa ma aibi ne ko da jiki na ƙyalli. A 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu don ya riƙa jin muryar ɗansa da ke Sabha ko Tamanrasat, ya sayi fitila ce mai tsada.

Abin da ke cikin waya

Salula a yau asusu ce. Ta cikinta ake karɓar saƙon kuɗin da aka turo ta Nita ko Amana ko Al Izza, a cikinta ake riƙe Airtel Money da makamantansa. Don haka wayar da aka saya cike da manhajojin wani, ba a san abin da aka dasa a ciki ba. Gogewa gaba ɗaya ita ce kariya, sannan a riƙa sauke manhaja daga Play Store ko App Store, ba daga kwamfutar mai tura finafinai ba.

Gogewa ma ba kowane lokaci take wadatarwa ba. A 2020 wani binciken Secure-D ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen da suka haɗa da Habasha, Ghana da Kamaru, tana shigar da mutane rajistar da ke cin kuɗinsu ba da saninsu ba. Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito kuma ya fitar da gyara. Idan waya na shan data ko kati ba dalili, ko talla na faɗowa ko ba a buɗe komai ba, abin dubawa ne.

Kada a karɓi waya da layi a ciki, ko kyauta ne. Rajistar layi wajibi ce a Nijar, har a ƙarshen 2013 hukumomi suka katse kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda rashin rajista. Layin da ke da sunan wani na ɗauke da tarihin kiran da mai saye bai sani ba, kuma mai sunan na iya zuwa kamfani ya karɓo shi kowace rana, da duk kuɗin da ke ciki da asusun WhatsApp da aka buɗe da shi.

Mai sayarwa shi ma yana da abin tsoro. Goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai isa ba, kuma katin memori da aka manta a ciki ya sha tona asirin gidaje. Mata ne suka fi cutuwa idan hoton da aka ɗauka a ɗaki ya faɗa hannun wanda zai yi barazana da shi. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, amma doka ba ta dawo da hoton da ya riga ya zaga gari. A fita daga WhatsApp da Facebook da TikTok, a cire asusu, a zare sim da memori, sannan a goge.

Ga masu aikowa daga waje

Ɗan ci-ranin da zai aiko wa mahaifiyarsa waya daga Turabulus, Legas ko Abijan, ya cire asusunsa tun kafin ya ba da saƙon. Wayoyi da dama na isowa gida a kulle, mai ita kuma yana inda ba a samunsa sai bayan makonni. Ya sauya harshen daga Larabci zuwa wanda wani a gidan zai iya karantawa, ya ɗauki hoton IMEI da rasit ya ajiye, ya tura wa na gida lambar don a gwada idan saƙo ya iso, saboda waya kan sauya a hanya. Kuma ya tuna cewa shi ma kwance ya saya a can, duk tambayoyin da ake yi a kasuwar Tanut sun hau kansa.

Cinikin da ake ƙullawa a zaurukan WhatsApp da Facebook, inda za a ce a turo kuɗi tukuna a saka waya a mota, shi ne mafi sauƙin damfara, domin hoto ba ya nuna batir ko makulli, wani lokaci ma wayar babu ita. Wanda ke da ɗan'uwa a Damagaram gara ya tura shi Kasuwar Dole ko shagon mai sayarwar ya gani da idonsa, ya yi gwajin, sannan a biya. Shago mai mazauni da ke ba da kwana biyu ko uku na gwaji ya cancanci ƴan jikunan da ya ɗora a kan farashin tasha.

Bayan saye, a saka makullin fuska, a kunna lambar sirri mai alƙaluma shida ta WhatsApp, a rubuta IMEI da kalmar sirrin asusu a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gona. Idan aka sace wayar, a fara da kiran kamfanin sadarwa a rufe layin don kare kuɗin da ke ciki, sannan a kai lambar ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa. In kuma daga baya mutum ya gano wadda ya saya ta sata ce, kai ta da kansa tare da rasit da sunan shaida ya fi masa sauƙi a kan ya sayar wa wani, domin layinsa ya riga ya shiga tarihin wayar a kundin kamfanin sadarwa.